Guntun Allura a Yatsan Umma

“Ki maimaita, ban ji ba.”

Auta ta san sarai ya ji. Mutumin da keken ɗinki zai yi ƙara a shagon maƙwabci, shi yana nan zaune ya faɗi ƙusar da ta kwance, shi ne yau zai ce bai ji ba? Ta sunkuyar da kai tana murɗa igiyar jakarta.

“Cewa na yi... a ɗan ƙara ɗaga ranar auren. Zuwa bayan damina.”

Ya ajiye sukudireban da ke hannunsa a hankali, ya shiga goge yatsunsa da tsumma ɗaya bayan ɗaya. In ransa ya ɓaci haka yake, komai nasa sai ya koma sanyi-sanyi.

“Bayan damina,” ya ce. “Wancan karon kin ce sai ɗalibanki sun gama jarrabawa. Kafin shi kuma, sai Umma ta saba da sabon magani.”

“To ƙarya na yi?”

“Ban ce kin yi ƙarya ba, Malamata. Da ƙarya ce ma da ta fi mini sauƙi, sai in yi fushi in huta.”

Shagon nasa ɗan ƙarami ne. Ko’ina kawunan kekunan ɗinki ne a jere, wasu an farke su ciki a waje, igiyoyin keke na rataye a ƙusa, ga warin mai da ya kama har labulen da ya raba shagon da ɗakin ajiya na ciki. Shi dai ba injiniya ba ne, ko ƙofar makarantarsu bai taɓa takawa ba. Umman Auta ce ta laƙaba masa sunan Injiniya ranar da ya tayar mata da kekenta, bayan wasu masu gyaran sun ce sai dai a sayar wa ’yan gwangwan. Suna ya bi shi, shi kuma ya bi hanyar gidan. Yau ya zo duba igiya, gobe ya zo ɗiga mai, har Umma ta gaji ta ce masa keken nan dai lafiyarsa ƙalau, in wani abu ne ke kawo shi ya faɗa.

Ya kuwa faɗa. Manya suka shiga magana, aka sa rana. Sai ciwon gaɓoɓin Umma ya tashi haiƙan, yatsunta suka kumbura suka fara karkacewa, daga nan Auta ta fara ɗaga rana.

“Babana ya kira ni jiya,” in ji Injiniya. “Ya ce shi kunya ta ishe shi. A aika a sa rana, a aika a warware. In aka ɗaga wannan, ya cire hannunsa.”

Ta ɗago kai. “Kai fa?”

“Ni ba zan sake tambayarki ba.”

“Haba, rabin raina...”

“Ba fushi ba ne, wallahi. Na gaji ne da zama kamar mai roƙon ki watsar da mahaifiyarki. Ɗakunan da na kama tafiyar ƙafa ce daga gidanku. Na ce Umma ta dawo wurinmu, ta ce ba inda za ta. Me ya rage in yi?”

“Wa zai dafa mata ruwan zafi da safe? Wa zai buɗe mata kwalbar magani? Kwanakin baya fa ina makaranta ta ɗauki wuƙa za ta yanka albasa, ka ga yadda ta yi wa yatsanta!”

Ya kawar da kai, ya yi ɗan tari, ya ɗauki wani kan keke da ya riga ya gama gyarawa ya hau dubawa.

“Umma ta fi ƙarfin yadda kike ganinta,” ya ce a hankali.

“Kai ka san ta ko ni?”

Ya buɗe baki kamar zai yi magana, sai kuma ya rufe. Wannan shirun ya fi komai ƙona mata rai. Ta figi jakarta ta fita, hawaye na zuba, tana son sa tana jin haushinsa a lokaci guda.

Kafin ta ƙarasa gida ta tsaya a bakin famfo ta wanke fuska, don idon Umma ba ya kuskure.

Ta same ta a falo kan kujerarta ta kullum, rediyo na magana ƙasa-ƙasa, hannayenta a kan cinya. Hannayen da suka ɗinka wa rabin matan unguwa kayan aure, yanzu yatsun sun kwanta gefe guda, gaɓoɓin sun yi ƙulu-ƙulu.

“Sannu da gida, Umma.”

“Sannu, shugabar gida. An dawo?”

“Kin sha maganin rana?”

“Na sha, ranki ya daɗe. Na kuma zauna inda aka ajiye ni, ban taɓa komai ba. A rubuta mini maki.”

Auta ta yi dariya duk da abin da ke cin ta. Haka suke su biyu tun rasuwar mahaifinta. Yayanta namiji aiki ya kai shi nesa, sai waya da aike. Gidan ya zama daga ita sai Umma, kuma gaskiya zaman na yi mata daɗi. Ta zuba man zafi a tafin hannu, ta zauna a ƙasa ta kama yatsun Umma tana murzawa a hankali, Umma na ba ta labarin maƙwabciyar da ta kai wa sabon tela yadi ya mayar mata da riga kamar buhu.

“Da ni ce...” Umma ta fara.

“Da ke ce, da kin huta kamar yadda likita ya ce.”

“Uhm.”

Tun ranar da likitan farko ya ce Umma ta hutar da hannunta, Auta ta ɗauki maganar ta riƙe gam. Keken ɗinki ta sa Injiniya ya ɗauke ya kai shagonsa. Dutsen guga ta kulle a akwati. Bayan abin albasar nan kuwa, wuƙaƙen gidan kaf ta kwashe ta ɗora a saman kabad. In ka ji ana cewa ƙauna ta yi yawa, to irin ta Auta ake nufi.

“Kin biya wurin ɗana?” Haka Umma ke kiran Injiniya.

“Na biya.”

“Yana lafiya?”

“Lafiya lau.”

Umma ta dube ta ta ƙasan ido. Auta ta yi sauri ta canza magana.

“Gobe ne za a duba hoton hannunki. Na karɓi izini a makaranta, ni zan kai ki.”

“A’a, ba sai kin je ba! Ɗana zai kai ni, ai shi ke kai ni asibiti gashin hannu kullum.”

“Gashi daban, ganin likita daban. Ina so in ji da kunnena.”

“Yaran mutane fa? Ki bar su ba malama?”

“Umma, zan je.”

“To,” in ji Umma, ta juya tana murɗa rediyo da gefen hannu. “Allah ya kai mu.”

Washegari suka yi zaman layi a dogon bencin asibiti har aka kira su. Likitar gaɓoɓin mace ce mai fara’a, gilashinta rataye a wuya da igiya. Ita ce ta canza wa Umma magani bara, kuma duk shekara takan sa a ɗauki hoton hannayen don a ga ko ciwon ya ƙara cin ƙashi.

Ta juyo musu da allon kwamfuta. Hannaye biyu a hagu, biyu a dama, farare a cikin baƙi.

“Wannan na bara, wannan na bana. Mama, albishirinki.”

“Goro... af, faɗi kawai, ’yata.”

“Ciwon bai ƙara taɓa ƙashin ba. Inda ya ci a da yana nan, ba zai dawo ba, amma bai ƙara ko kaɗan ba. Maganin nan ya karɓe ki.”

“Alhamdulillah!” Auta ta faɗa, har da dafe ƙirji.

“Sai dai,” likita ta ɗora gilashinta a hanci, “mun tsinci wani abu da ba shi muka je nema ba.”

Duk labaran da Auta ta taɓa ji suka taso mata, na wanda ya je hoton ƙafa aka gano masa mugun ciwo, na wadda ta shiga asibiti da ƙafarta aka fito da ita a kwance. Ta kamo gefen mayafin Umma ta riƙe.

“Kwantar da hankalinki,” in ji likita. “Masu irin wannan ciwon muna yawan ɗaukarsu hoto, to dole mu riƙa cin karo da abubuwa. Wani tsohuwar karaya ce da mai ita ma ya manta, wani ɗan ƙulli ne da ba ya komai. Yawanci ba abin tsoro ba ne. Amma irin na Mama, gaskiya ban taɓa gani ba.”

Ta matso da hoton, ta ƙara girmansa. A kan yatsan nuni na hannun hagu, cikin tsoka, ga wani ɗan siririn abu fari tas, ya fi ƙashin ma haske.

“Ƙarfe ne. Guntun allura.”

Umma ta gyara zama. “Ai tsohon abu ne, likita. Shekara da shekaru ina ɗinki, allura nawa ta soke ni?”

“Mama, ga hoton bara nan. Yatsan fes yake.”

Auta ta miƙe ta matsa kusa da allon. Likita ta ƙara girman hoton. Guntun yana da tsini, kuma dab da tsinin ga ’yar hudar da ake zura zare. Auta a gindin keke ta girma. Allurar hannu a gindi take da huda, wadda ke da huda a baki kuwa guda ɗaya ce a duniya.

“Wannan allurar keke ce,” ta ce.

Ta juyo a hankali. Umma ta ɗaga kai tana kallon fankar da ke juyawa a sama, kamar yau ta fara ganin fanka.

“Umma.”

“Na’am.”

“Albasa, ko?”

“To... ai ranar ma na so in yanka albasar.”

Likita ta toshe baki da hannu, kafaɗunta na rawa. Da ta samu dariyar ta lafa sai ta kama yatsan ta dudduba, ta latsa nan ta latsa can, sannan ta ɗaure fuska.

“Mama, a nan kam kin yi laifi. Maganin da kike sha yana rage wa jiki ƙarfin faɗa da ƙwayoyin cuta. Da wurin nan ya yi ruwa, da yanzu wani zancen muke. Allah ya taimake ki ya warke lafiya. Yau za a yi miki rigakafi, sannan in haɗa ki da masu cirewa, aikin ɗan lokaci ne. Gaba ko ƙaya ce ta soke ki, ki zo.”

“Na ji, ’yata. Na ɗauka ya fita ne.”

“Tun yaushe kika koma ɗinki?”

“Tun da kika canza mini maganin nan na ji hannun ya saki.”

“Yana miki zafi in kin yi?”

“In na daɗe. Sai in tsaya in huta.”

“To madalla, haka ake so. Ki ci gaba, kaɗan-kaɗan.”

Auta ta zaro ido. “Ta ci gaba?! Likita, an ce fa ta hutar da hannun!”

“Wa ya ce?”

“Likitan da ya fara ganinta!”

“Lokacin gaɓoɓin suna kumbure suna zafi, dole ya ce haka. Ta huta har kumburin ya sauka yake nufi, ba ta huta har abada ba. Hannun da ba ya aiki sandarewa yake yi. Wa ya hana ta?”

Haɓa kawai Umma ta ɗaga ta nuna Auta.

Suka hau tasi. Auta na kallon titi ta taga, zuciyarta na tafasa. Keken ɗinki ɗaya Umma ta mallaka, kuma ta san inda ta sa aka kai shi. Ta tuna tarin da wani ya yi jiya da ta ambaci yatsa. Da suka zo mararraba ta dafa kujerar direba.

“Malam, yi dama.”

“Auta...” in ji Umma.

“Yi dama, malam!”

Injiniya na tsugune gaban wani keke ya ga sun shigo, ɗaya fuska a murtuke, ɗaya da auduga manne a dantse. Ya miƙe tsaye da sauri.

“Umma, lafiya? Me likita ta...”

“Ɗana, asiri ya tonu,” in ji Umma. “Hoto ya kama mu.”

Auta ko kallonsa ba ta yi ba. Ta wuce kai tsaye ta yaye labulen ɗakin ajiya.

Ba tarkace a ciki. An share ɗakin tas, an buɗe taga. Ga keken Umma a tsakiya yana sheƙi, an ɗaura masa ɗan inji a gefe yadda ba sai an juya shi da hannu ba, taka shi kawai za a yi. Ga kujera mai matashi a baya. Almakashin an naɗe masa hannu da roba mai laushi har ya yi kauri, an sa masa ɗan ƙarfen da ke buɗe shi da kansa. Ga wani ɗan abin zura zare, ga maganaɗisu ɗaure da igiya a jikin tebur.

A jikin bango kuma, rataye a ƙarƙashin farin ƙyalle, ga doguwar riga ruwan madara. An yi mata aiki a wuya da zare mai ruwan zuma, irin ƙananan ganyayen nan da Umma kaɗai ke yi, waɗanda tun Auta na ƙarama take roƙo a yi mata ana cewa sai ranar aurenta. Hannu ɗaya an haɗa, ɗayan yana ninke a kan tebur.

Auta ta zauna a kujerar, ta fashe da kuka.

“Kun mayar da ni sakara! Ku biyu! Ina can ina fasa aurena saboda ke, ke kuma kina nan...” Ta juya kan Injiniya da ya tsaya a bakin labule. “Kai kuma! Allura ta karye a hannunta kana tsaye, ka kasa kai ta asibiti?”

“Na yi kuskure,” ya ce, kansa a ƙasa. “Na ce mu je, ta rantse mini ya fita. Muka nemi guntun a ƙasa ba mu gani ba, na ce ko ya faɗa wani lungu. Bai kamata in yarda ba. Ki yafe mini wannan, Malamata.”

“Jiya ina kuka a gabanka, ka san komai, ka yi shiru!”

“Alkawari ta sa na ɗauka. Wallahi jiya saura kaɗan in karya.”

“Bar shi,” in ji Umma. “Ni na sa shi. In faɗa ne, ga ni.”

Ta jawo wani ɗan benci da ƙafa ta zauna gaban ’yarta, gwiwa na taɓa gwiwa.

“Bayan gashi yake kawo ni nan, in yi abin da zan iya, ya mayar da ni gida kafin ki taso. Wata rana layi biyu kawai nake yi hannun ya ce ya isa. Wata rana in yi rabin wuya. Ban taɓa ɗinkin da ya daɗe kamar wannan ba, ban kuma taɓa jin daɗin wani kamarsa ba.”

“Me ya sa ba ki gaya mini ba?”

“Da kin bari?”

Auta ta sunkuyar da kai.

“Kin ɗauke keke. Kin kulle dutsen guga. Tsintsiya in na ɗauka sai ki taso da gudu kamar na ɗauki wuta. Auta, ciwon nan ya karɓe mini rabin hannu, ke kuma da ƙaunarki kika karɓe sauran rabin. Ban ji haushinki ba, na san don ni kike yi. Amma ni ba gawa ba ce.”

“Umma, kar ki ce haka...”

“To ya zan ce? Ina ji ina gani kina korar yaron kirki saboda ni. Na yi miki magana, kin ce ba yanzu ba. Na ce to, bari in gama rigar in ajiye miki a kan gado, in ga bakin da za ki ce mini ban iya komai ba.”

Auta ta kifa kai a cinyar Umma, kuka na cin ta.

“Tsoro nake ji, Umma. Tsoro! Babanmu ina makaranta ya rasu, ban gan shi ba. In na bar ki wani abu ya same ki ba na nan, ba zan taɓa yafe wa kaina ba.”

Umma ta ɗora karkataccen hannunta a kanta tana shafawa. Ita ma idonta ya kawo ruwa.

“Na sani, ’yar albarka. Na daɗe da sani. Amma duba, allurar nan muna kwana ɗaki ɗaya ta shige ni, kina shafa wa yatsan mai kullum ba ki sani ba. Zamanki ba ya tare abin da zai zo. Ba kuma zan yi miki ƙarya ba, akwai safiyar da hannun nan zai ƙi, ko kofi ba zan iya ɗagawa ba. Ranar zan kira ki, ki zo da gudu. Amma ki bari ni in kira.”

“Za ki kira? Ba za ki ɓoye ba?”

“Na yi alkawari. Na ga abin da ɓoyo ya jawo mini, an tona ni a gaban likita da allo.”

Auta ta yi dariya cikin kuka, ta ɗago tana share fuska da bayan hannu. Ta saci kallon Injiniya. Yana nan tsaye, idonsa ya yi ja. Ya ce ba zai sake tambaya ba, kuma ta san shi, ba zai sake ba.

“Ɗana, ba mu wuri,” in ji Umma. “Tunda an gani, a gwada. Ke kuma tashi, ki wanke hannu kafin ki taɓa mini yadi.”

Ya fita ya saki labule.

Rigar ta zauna mata kamar a jikinta aka yanka. Tsayi daidai, kafaɗa daidai. Auta ta tsaya tana kallon kanta a gilashin taga.

“Yaushe kika auna ni?”

“Ni na haife ki, sai na auna ki? Juyo. Ɗaga hannu.”

Umma ta ɗauko hannun rigar da ba a haɗa ba, ta zura mata shi, ta daidaita a kafaɗa. Sannan ta kai yatsu cikin gwangwanin fil. Na farko ya zame. Na biyu ta kama shi tsakanin babban yatsa da gefen na nuni, ta kawo shi bakin yadin, hannun na rawa, sai ya suɓuce ya faɗi ƙasa.

Hannun Auta ya tafi da kansa. Kafin ƙiftawar ido za ta iya soke fil ɗin nan, ta sani, Umma ma ta sani. Har yatsunta sun kusa gwangwanin, sai ta tsaya. Ta janye hannun a hankali, ta mayar da shi gefenta, ta damƙe.

Umma ba ta ɗago ba. Ta saki maganaɗisun nan mai igiya, ya ɗauko mata fil ɗin daga ƙasa, ta sake kamawa. Ta daɗe tana lalubar wurin. Auta na jin numfashinta a kafaɗa, tana jin yatsun na dannawa suna saki, hawaye na gangaro mata, amma ba ta motsa ba.

Fil ya shiga.

“Yawwa,” in ji Umma, ta sauke ajiyar zuciya. Ta sa na biyu, ta sa na uku, kowanne da nasa yaƙin. Sannan ta ja baya ta ƙare wa rigar kallo, ta kama yadin ta wajen ƙugu ta tattara.

“Kin rame. Da na yanka ba haka kike ba, ƙugun nan yana son ragi.” Ta saki yadin. “Amma ba zan taɓa shi yanzu ba. In sai bayan damina ne, wa ya san yadda jikinki zai koma? Sai in rage ki zo ki yi ƙiba, in yi aikin banza.”

A bayan labule ƙarar ƙarafan da ake ta taɓawa ta tsaya cak.

Auta ta dubi labulen.

“Ki rage, Umma.”

“Na’am? Kunnen nan nawa...”

“Ki rage shi yau!” Auta ta faɗa da ƙarfi. “Ranar da aka sa tana nan, ba a ɗaga ba.”

Wani abu ya faɗi a shago ya yi ƙara, ƙusoshi suka watse a siminti. Can sai muryarsa, a shaƙe, dab da labule.

“Malamata... da gaske? In je in gaya wa Baba?”

“Ka je, rabin raina. Ka ce ya yafe mini.”

Suka ji fitarsa da gudu, ko shagon bai tsaya rufewa ba.

Auta ta juyo za ta rungume Umma, Umma ta tare ta da gwiwar hannu, fuskarta sharkaf da hawaye, bakinta na murmushi.

“Ke, tsaya cak, akwai fil a jikinki! Kuma ki daina yi mini kuka a kan yadi, ban gama ba.”

Ta sake kai yatsunta cikin gwangwanin. Auta ta tsaya, hannayenta a gefe, tana jira.